Kan Sarkin Sisi Da Dutsen Wata: Ina Rabon Najeriya A Tarihin 'Yan Sama Jannati?

Duk wanda ya biyo ta Area 10 a Garki da hantsi zai tarar da gidan waya yana nan inda aka san shi, sai dai aikinsa ya sauya. Masu shiga yanzu galibi ɗan aike ne riƙe da kwali, ko masinjan ofis da takardun da za a kai wata jiha, ko mai jiran kayan da ya yo oda daga waje. Wasiƙar hannu ta yi ƙaura. Kan sarki kuwa ba a tunawa da shi sai za a manna a rasiti ko takardar yarjejeniya.

A Garki II hedikwatar hukumar NIPOST take, magajiyar tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangarahu. Cikin tsofaffin kan sarkin da wannan gida ya gada akwai wani ɗan ƙarami na sisi da aka fitar a watan Yunin 1963. A jikinsa an zana kumbon Mercury, irin wanda 'yan sama jannatin Amurka na farko suka shiga, tare da tashar da ke bibiyar tafiyarsa daga Kano. Abokin fitarsa na sule da taro ne, mai hoton tauraron ɗan'adam da tashar jiragen ruwa ta Legas.

Da wuya ka samu mutum ɗaya cikin masu kai-komo a wannan unguwa da ya taɓa ganinsu. A wasu ƙasashe kuwa akwai mutanen da suka duƙufa, da lokacinsu da dukiyarsu, wajen tara duk wani abu da ya shafi shekarun farko na zuwan ɗan'adam sararin samaniya: riga, agogo, tuta, ambulan, takarda mai sa hannu, har ƙurar da ta maƙale a jaka. Kuma Najeriya, musamman Kano, tana da rabo a cikin wannan tarihi, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Kasuwar da ba ta san tsada ba

A watan Yulin 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da farar rigar da Buzz Aldrin ya sa a tafiyar Apollo 11, ta farko da aka sauka a wata, kan kusan dala miliyan 2.8. Ba ma wadda ya taka duniyar wata da ita ba ce, ta zaman cikin kumbo ce.

A 2015 agogon hannu ƙirar Bulova da Dave Scott ya ɗaura a kan wata lokacin Apollo 15 ya tashi a kan kimanin dala miliyan 1.6. Kayan da iyalan Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, suka fitar bayan mutuwarsa, lambobin girma da wasiƙu da ƙananan tutoci, sun tara fiye da dala miliyan 12 tsakanin 2018 da 2019.

Kayan tsohuwar Tarayyar Sobiyat ma suna da nasu masu nema. A 2011 aka yi gwanjon wani kumbon gwaji samfurin Vostok, wanda aka harba da kare da mutum-mutumi a ciki makonni kaɗan kafin tafiyar Yuri Gagarin. Wani attajirin Rasha ya biya kusan dala miliyan 2.9, ya mayar da shi ƙasarsu.

Labarin da ya fi yawo a bakin masu wannan harka shi ne na wata 'yar farar jaka. A cikinta Armstrong ya zuba ƙasar wata ta farko da ɗan'adam ya ɗiba. Jakar ta shige cikin kayan da hukuma ta ƙwace daga hannun shugaban wani gidan tarihi a jihar Kansas da aka kama da sayar da kayan amana. Ba a gane ta ba, aka sa ta a gwanjon gwamnati, wata lauya ta saya kan dala 995 a 2015. Da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta farga ta so ta riƙe, aka je kotu, alƙali ya ce ciniki ya faɗa. A 2017 matar ta sayar da ita kan dala miliyan 1.8.

Dalilan wannan tsada ba ɓoyayyu ba ne. Mutum 12 ne kacal suka taka wata, tsakanin 1969 da 1972, kuma yawancinsu sun mutu. Waɗanda suka rage duk haihuwar shekarun 1930 ne. Yaran da suka kalli saukar a talabijin sun girma, wasunsu sun zama hamshaƙai a harkar kwamfuta, suna sayen abin da ya burge su tun ƙuruciya. Ga kuma dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2012, wadda ta tabbatar wa 'yan sama jannatin Mercury da Gemini da Apollo mallakar ƙananan kayan da suka dawo da su, ban da duwatsun wata. Tun daga nan iyalai suka daina ɗari-ɗari, aka buɗe akwatuna.

Yadda Kano ta shiga lissafi

Rasha ce ta riga kowa. Ranar 12 ga Afrilun 1961 Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108. Amurka tana biye da shirinta na Mercury, kuma tana da wata matsala ta fasaha da kuɗi kaɗai ba sa warwarewa.

Kumbon yana tafiya ne a nisan da bai kai kilomita 300 daga ƙasa ba, yana gama kewaye ɗaya cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Kowace tashar ƙasa 'yan mintoci kawai take jin muryar wanda ke ciki kafin ya ɓace mata. Dole sai an jera tashoshi a kan hanyar da zai bi, wannan ta miƙa wa waccan. Aka kafa guda 18, wasu a kan jiragen ruwa. A Afirka aka zaɓi Kano da tsibirin Zanzibar.

An ƙulla yarjejeniyar tashar Kano tsakanin Najeriya da Amurka a watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai. Kano tana kan hanyar kumbon idan ya tsallako tekun Atilantika, ga filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a garin da jirage suka fara sauka tun 1925.

Aikin tashar shi ne magana da ɗan sama jannati ta rediyo, da karɓar bayanan da na'urorin kumbo ke aikowa: bugun zuciyarsa, numfashinsa, zafin ɗakin, sauran iskar shaƙa da makamashi. Daga nan a tura wa cibiyar da ke Amurka ta waya. Da wani abu zai lalace a saman Afirka ta Yamma, Kano ce za ta fara sani.

Ranar 20 ga Fabrairun 1962 John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, sau uku, cikin kusan awa biyar. A kewayen farko, da ya shigo saman Afirka, ya shaida wa tashar ƙasa cewa yana hango guguwar ƙura. Mai magana daga Kano ya amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana fama da iska mai ƙarfi. Bakano ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Watan Fabrairu ne, hunturu ne, hazon da kakanninmu suka sha a ranar shi ne Glenn ya gani daga sama.

Tashar ta yi wa sauran tafiye-tafiyen Mercury aiki, na Scott Carpenter da Wally Schirra da Gordon Cooper, ta kuma taɓa zamanin shirin Gemini kafin a rufe ta a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da taurarin sadarwa da sababbin tashoshi suka rage buƙatarta.

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya a 1960, abin da ya fusata Najeriya har ta kori jakadan Faransa a farkon 1961. A Zanzibar an yi ta zanga-zanga kan cewa tashar can ta soja ce, kuma bayan juyin juya halin 1964 aka rufe ta. Wannan ya sa taken da gwamnatin Najeriya ta ba kan sarkin 1963, wato amfani da sararin samaniya ta hanyar lumana, ba ado ba ne. Saƙo ne ga mutanen gida da na waje.

Ko birin da Amurka ta harba a kumbon Mercury a watan Janairun 1961, wanda suka raɗa wa suna Ham, ɗan dajin Kamaru ne, maƙwabciyarmu.

Wayar Kennedy da Tafawa Ɓalewa

Wata biyu bayan fitar kan sarkin, ranar 23 ga Agustan 1963, Shugaba John Kennedy ya kira Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2. Wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas shi ya haɗa layin. Wannan ne karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi waya kai tsaye ta tauraron ɗan'adam.

Hirar ba ta yi tsawo ba. Sun gaisa, sun yi fatan zaman lafiya, har zancen dambe ya shigo, domin ɗan damben Najeriya Dick Tiger bai daɗe da doke Gene Fullmer na Amurka a Ibadan ba. Wata uku bayan haka aka harbe Kennedy. A Janairun 1966 aka kashe Tafawa Ɓalewa.

Sautin hirar yana ajiye a ɗakin karatu na Kennedy da ke Boston. Ɗalibin da ya kai ziyara kabarin Firayim Ministan a Bauci ya cancanci ya ji wannan murya a can, ba sai ya nemo ta daga Amurka ba.

Kyautar Nixon

Bayan Apollo 11, Shugaba Richard Nixon ya sa aka shirya wa ƙasashe 135 tsaraba. Kowace ƙasa ta samu ɗan allon katako, a jikinsa an kafa ƙwayoyi huɗu na ƙasar wata, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, a cikin roba mai haske, tare da ƙaramar tutar ƙasar da aka je da ita wata aka dawo. An raba su a 1970.

A 1973 aka sake wani rabon, wannan karon gutsuren dutse mai nauyin giram ɗaya da ɗan ɗoriya, daga wanda Eugene Cernan da Harrison Schmitt suka ɗauko a tafiyar Apollo 17, ta ƙarshe. Najeriya ta Janar Yakubu Gowon da Nijar ta Diori Hamani suna cikin ƙasashen da rabon ya shafa.

Allo 270 ke nan aka ba ƙasashen duniya. Masu bin diddigi sun ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku ba a iya nuna inda suke ba a yau. Na ƙasar Honduras ya ɓulla a Miami a 1998, ana neman dala miliyan 5. Wani jami'in bincike na NASA, Joseph Gutheinz, ya yi shigar mai saye aka kama dutsen, aka yi shari'a, daga baya aka mayar wa ƙasar kayanta. Na Malta sace shi aka yi daga gidan tarihi a 2004. Na Ireland gobara ce ta tashi a ɗakin da yake a 1977, masu kwashe tarkace suka haɗa da shi suka kai juji.

Idan aka duba yadda waɗannan kyaututtuka ke salwanta, hanya kusan ɗaya ce. A miƙa wa shugaba, a ajiye a ofishinsa maimakon gidan tarihi, gwamnati ta sauya, wani ya ɗauka a matsayin kayan mai gida. Najeriya ta ga juyin mulki a 1975 da 1983 da 1985 da 1993, ta kuma kwashe fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja a Disambar 1991. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tashin ofishin gwamnati ya san abin da ke faruwa da kayan da ba su da fayil.

Shi ya sa tambayar take kan hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, mai hedikwata a Abuja, da kuma fadar shugaban ƙasa: ina allunan nan biyu suke, a hannun wa, kuma yaushe ɗan makaranta zai gan su? Kyautar ba ta Gowon ba ce. Al'ummar Najeriya aka ba.

Dutsen Zagami da na Agadas

Ga wani abin mamaki na tarihi. Ranar 3 ga Oktoban 1962, ranar da Wally Schirra yake kewaya duniya sau shida tashar Kano tana cikin masu sauraronsa, a ranar ne wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina. Daga baya masana suka tabbatar da cewa daga duniyar Mars ya fito.

An kai shi ofishin binciken ƙasa da ma'adinai a Kaduna. Shekaru bayan haka dillalan ƙasashen waje suka samu manyan ɓangarori, aka yayyanka. Yau ana sayar da dutsen Zagami da giram-giram a kasuwannin Turai da Amurka, sunan ƙauyen yana cikin littattafan kimiyya na duniya, amma 'yan makarantar Katsina ƙalilan ne suka taɓa jin labarin.

Abin da ya sake tayar da wannan zance kwanan baya shi ne dutsen Nijar. An tsince shi a jihar Agadas a Nuwamban 2023, nauyinsa kusan kilo 25, shi ne mafi girma daga Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yulin 2025 Sotheby's ta sayar da shi kan fiye da dala miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Kamfanin ya ce an bi ƙa'ida, takardu sun cika.

Waɗannan duwatsu ba kayan 'yan sama jannati ba ne, amma ɗakin gwanjo ɗaya suke shiga, masu saye ma kusan ɗaya ne. Kasuwar ta riga ta iso ƙasar Hausa. Mu ne dai muke sayarwa a farashin tsintuwa.

Jabu ya fi na gaske yawa

Inda kuɗi ya taru, mazambata ba sa nisa. Tun a shekarun 1960 NASA tana da na'urar da ke kwaikwayon sa hannun 'yan sama jannati domin amsa dubban wasiƙun da ake aiko musu, saboda haka hoto mai sa hannu ba lallai ne hannun mutum ya taɓa shi ba. Armstrong kansa ya daina sa wa mutane hannu a tsakiyar shekarun 1990, da ya ga ana cinikin sunansa ana kuma ƙirƙirar na ƙarya.

Su ma 'yan sama jannatin ba su tsira daga kwaɗayi ba. Matuƙan Apollo 15 sun tafi wata a 1971 da ambulan kusan 400 ba da izini ba, aka ba wani dillalin kan sarki a Jamus guda 100 ya sayar. Da asiri ya tonu aka tsawata musu, kuma babu wanda ya sake tashi a cikinsu.

Manyan gidajen tarihi ma an yi musu sakiyar da ba ruwa. A 2009 babban gidan tarihi na Amsterdam ya gano cewa abin da ya daɗe yana nunawa a matsayin dutsen wata, tsohon icce ne da ya daskare ya zama dutse.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Duwatsu da ƙasar da tafiye-tafiyen Apollo shida suka kawo, kimanin kilo 382, mallakar gwamnatin Amurka ne, ba a sayar da su. Saboda haka duk wanda ya kira ka ɗakin otal a Garki ko Wuse ya buɗe maka ƙyalle ya ce ga dutsen Apollo, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma kayan sata ne. Mun ga irin wannan a baya, lokacin da aka yi ta farautar tsofaffin kekunan ɗinki da dutsen guga na gawayi wai akwai wani jan sinadari mai tsada a ciki. Mutane sun sayar da gonaki, ba wanda ya ga sinadarin.

Akwai kuma jabun labari. Shekara da shekaru ana faɗa a majalisu da wa'azin kasuwa cewa Armstrong ya ji kiran salla a kan wata ya musulunta. Bai faru ba. Shi da kansa ya musanta, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ma ta aika wa ofisoshin jakadancinta bayanin ƙaryatawa a 1983. Musulmin da ya fara zuwa sararin samaniya Yarima Sultan bin Salman ne na Saudiyya, a 1985, kuma Musulunci bai taɓa buƙatar shaidar ƙage ba.

Masu cewa a'a da masu cewa e

Ba kowa ne wannan zance ke burgewa ba. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a kuɗin mota daga Nyanya ko Mararraba zuwa sakatariya yana da hujja idan ya ce tsohuwar riga ta kusan dala miliyan uku ba damuwarsa ba ce. Wasu malamai na kallon irin wannan kashe kuɗi a matsayin almubazzaranci, ga marayu ga marasa lafiya. Akwai ma waɗanda har gobe ba su yarda an je wata ba.

Ma'aikatan gidajen tarihi nasu ƙorafin daban ne. A ganinsu abin da aka yi da kuɗin jama'a bai kamata ya ƙare a falon attajiri ɗaya ba, inda ɗalibi da mai bincike ba za su kai gare shi ba. Masu tarawa su kuma suna mayar da martani da cewa ba don su ba da an zubar da rabin kayan, kuma jakar Armstrong a hannun gidan tarihi ta ɓata, ba a hannun ɗan kasuwa ba.

Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma a ganina muhawarar ba tamu ba ce tukuna. Ba wanda ya ce gwamnatin Najeriya ta je New York ta yi takarar sayen agogo. Abin da ke gabanmu bai kai haka tsada ba: mu san abin da muke da shi, mu rubuta shi a rajista, mu hana gara da ruwan sama da 'yan jari-bola cinye shi. Wannan aikin kabad ne da makulli da mutum mai amana.

Abin da ke cikin adakar baba

Kada kowa ya ɗauka kan sarkin sisin nan zai mayar da shi attajiri. An buga shi da yawa, farashinsa a wurin dillalai bai taka kara ya karya ba. Darajarsa ta shaida ce.

Abin da masu tarawa suka fi nema shi ne ambulan da aka buga wa hatimin gidan waya a garin da wani abu ya faru, a ranar da ya faru: wurin harba kumbo, jirgin ruwan da ya tsamo shi daga teku, ko tashar da ta bibiye shi. A wannan ma'auni, ambulan mai hatimin Kano na 20 ga Fabrairun 1962 ya fi sabon kan sarki ɗari da ba a taɓa mannawa ba. Shi ya sa ɓamɓare kan sarki daga tsohon ambulan ɓarna ce, ba gyara ba.

Bayan ambulan akwai takardun aiki. Tasha irin ta Kano ba ta tafiya sai da 'yan ƙasa: direbobi, masu gadi, masu kula da injin wuta, akawuna, kuku. Katin shaidar aiki, takardar sallama, hoton da aka ɗauka a bakin ƙofa, duk tarihi ne, kuma wurinsu ɗaya, adakar tsofaffi. 'Ya'yan waɗannan mutane da jikokinsu da dama yanzu ma'aikata ne a Abuja. Sai jaridun zamanin, Gaskiya Ta Fi Kwabo da takwarorinta na Turanci, waɗanda ya kamata a duba kwafinsu a gidan adana takardu na ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna tun takardar ba ta rududduge ba.

Masu sana'ar suna da ƙa'ida guda: kaya ba tare da labarin asalinsa ba rabin kaya ne. Wa ya mallake shi, a ina ya samu, yaushe? Idan tsoho yana raye, a ɗauki muryarsa a waya, a rubuta bayaninsa a takarda daban a haɗa. Kada a yi rubutu da biro a bayan hoto, kada a sa salatif, kada kuma a kai wa masu rufe takarda da roba mai zafi, domin wannan yana kashe darajarta gaba ɗaya. Ambulan mai tsabta da wuri marar laima sun wadatar.

Na gobe ma yana salwanta

Tarihin Najeriya da sararin samaniya bai tsaya a 1963 ba. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. Cibiyarta tana kan hanyar filin jirgin sama wajen Lugbe, akwatin wasiƙarta kuma a Garki. A Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha. NigComSat-1 ya tashi daga Sin a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. A shekarar ce kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a Surrey ta Ingila.

A Disambar 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta komawa wata. Farfesa Isa Ali Pantami ne ya sa wa Najeriya hannu a Washington. A Yunin 2025 wani lauya haifaffen Najeriya, Owolabi Salis, ya yi gajeriyar tafiya zuwa sararin samaniya a kumbon kamfanin Blue Origin.

Littattafan aikin injiniyoyin Surrey, da rigunansu na ɗakin gwaji, da hoton farko da tauraronmu ya aiko, su ne irin kayan da za a nema nan da shekara 50. Amurkawa ma ba su san darajar tasu jakar ba sai da ta kuɓuce musu.

Babu wani abu a nan da ya fi ƙarfin hukumomin da ke zaune tsakanin Garki da Lugbe. NIPOST na iya fito da kan sarkin 1963 ta baje su a gidan wayar Area 10 ko a cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke unguwar. NASRDA da gwamnatin Kano na iya kafa allo a filin da tashar ta zauna, su nemi kwafin hotuna da sautin hirar Glenn daga NASA, su kai Gidan Makama. Hukumar gidajen tarihi kuma ta fito ta yi wa 'yan ƙasa bayanin inda kyautar 1970 da ta 1973 suke.

Kai kuma mai karatu, idan mahaifinka ko kakanka ya yi aiki a gidan waya, ko filin jirgi, ko waccan tasha ta Kano a farkon shekarun 1960, ka buɗe adakarsa ka duba takarda ɗaya bayan ɗaya kafin ka kira baban bola.